Robert Byrd: Shekara 51 a Majalisar Dattawa da Tuban da Ya Zo a Makare

Duk lokacin da ake muhawara kan 'yan majalisar da suka yi kaka-gida a kujera, sunan Robert Byrd ne ke fara faɗo mini a rai. Daga Janairun 1959 har ranar da ya rasu, 28 ga Yuni 2010, yana da shekara 92, shi ne sanatan jihar West Virginia a Amurka. Sau tara aka zaɓe shi, bayan shekara shida da ya yi a majalisar wakilai.

Maraya ne. Annobar mura ta 1918 ta ɗauke mahaifiyarsa yana jinjiri, goggonsa da mijinta mai haƙar kwal suka riƙe shi. Ya yi fawa, ya yi walda. Yana ɗan majalisa ya shafe shekara goma yana karatun lauya da dare, kuma Shugaba Kennedy ne ya miƙa masa takardar shaidar a 1963.

Amma akwai baƙin tabo. A farkon shekarun 1940 ya shiga Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata da ta yi ƙaurin suna wajen kisa da razana baƙaƙe, har ya kafa mata reshe a garinsu. A 1964 ya tsaya a zauren majalisa yana magana fiye da awa 14 ba hutawa, don kawai ya hana dokar bai wa baƙar fata 'yanci wucewa. A 1967 ya ƙi amincewa da naɗin Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a Kotun Ƙoli. Wannan ba ƙuruciya ba ce, domin a lokacin ya kusa shekara hamsin. Masu yi masa uzuri da cewa haka zamanin yake ba sa yi wa waɗanda aka zalunta adalci.

Duk da haka ina ganin tubansa na gaske ne. Ya ce mutuwar jikansa a hatsarin mota a 1982 ce ta sa ya gane cewa baƙar fata ma haka yake son 'ya'yansa. Ya yi ta neman afuwa a bainar jama'a ba tare da kame-kame ba. A Mayun 2008, kwanaki kaɗan bayan 'yan jiharsa sun juya wa Barack Obama baya a zaɓen fid da gwani, tsohon ya fito ya mara masa baya.

Abin da ya fi burge ni shi ne 2002. Ƙasar tana cikin zafin harin 11 ga Satumba, Shugaba Bush yana neman izinin yaƙar Iraƙi, manyan sanatoci suna tsoron a kira su matsorata. Byrd kullum da ƙaramin kundin tsarin mulki a aljihun rigarsa, sai ya zaro shi ya ɗaga sama, ya tuna musu cewa ikon ayyana yaƙi na majalisa ne, bai halatta su damƙa wa mutum ɗaya ba. Ya san abin da yake faɗa: a 1964 ya ba Shugaba Johnson irin wannan izini kan Biyetnam, ya kuma yi nadama. Sabon shiga ba shi da wannan tabon da zai tuna. Mu 'yan Najeriya da muka ari tsarin shugaban ƙasa daga wurinsu a 1979, irin wannan tsayuwa a gaban fadar gwamnati muke buƙata daga majalisarmu.

Sanata 77 suka amince da yaƙin, 23 suka ƙi, Byrd na cikinsu. Makaman ƙare dangin da aka ce shugaban Iraƙi Saddam ya ɓoye kuwa ba a same su ba.