Karayar da ƙashi ya huda fata ba ta mai ɗori ba ce

Jama'ar zango, musamman iyayenmu dattawa, tunda ku ake fara tambaya idan abu ya faru.

Watan jiya na je gaida wani yaro ɗan okada a unguwarmu. Mota ce ta kaɗe shi, ƙashin ƙwaurinsa ya huda fata ya fito. Aka wuce da shi gidan mai ɗori, saboda kawunsa ya ce a asibiti yanke ƙafa suke yi. Kwana 9 yana can. Sai da wari ya cika ɗakin aka kai shi asibiti, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Yanzu kawun yana cewa, "Ba na gaya muku ba?"

Ban raina masu ɗori ba, ni kaina su suka gyara min targaɗe ina yaro. Amma karayar da fata ta buɗe daban take. Ƙasar titi da tsumman wando sun shiga har ɓargo. In aka shafa magani aka ɗaure da kara, an kulle ƙwayoyin cuta ne a ciki. Ɗaurin kuma in ya yi tsauri, ƙafa na kumbura ba ta da wurin zuwa, sai jini ya tsaya. Tsokar da ta yi kamar awa 6 babu jini ta fara mutuwa ke nan, kuma ba ta dawowa.

A asibiti, allurar kashe ƙwayoyin cuta ake fara yi, da ta tetanus. Sannan a shiga tiyata a wanke ciwon, a cire mataccen nama, wani lokaci sau biyu ko uku. Ƙarfen nan da kuke gani a waje jikin ƙafa, wanda ke ba mutane tsoro, shi ke riƙe ƙashi yayin da ake jinyar ciwon. In nama bai isa rufe wurin ba, a ɗebo fata daga cinya ko a juyo tsoka daga kusa a rufe ƙashin. Ana wannan aiki a Komfo Anokye a Kumasi da Korle Bu a Ankara. Ƙafar da aka kawo ran da abin ya faru, sau da yawa ana ceto ta.

Na san abin da za a ce: kuɗi. Gaskiya ne. Ba komai katin inshorar lafiya ke ɗauka ba, sau da yawa iyali ke sayen ƙarfen, ga jinya ta watanni. Mai ɗori kuwa ko kaza ya karɓa. Shi ya sa nake roƙon ƙungiya, yadda muke tara gudummawar biki da rasuwa, mu ware asusun haɗari, kada rashin kuɗin ranar farko ya juya mota zuwa wani wuri.

Kafin nan, in kun ga ƙashi ko jini a wurin karaya, ku rufe da tsumma mai tsabta, ku danne in jini na zuba, kada a tura ƙashin ciki, kada a ba shi abinci saboda tiyata, ku kira 112 ko ku nemi mota. Wanda kuma aka riga aka ɗora, in ciwo na ƙaruwa, yatsu suka yi sanyi, suka yi baƙi ko suka daina ji, a sassauta ɗaurin a tafi asibiti a daren, kada a jira asuba.