Tallafin kuɗin haya: Abin da shirin Ghana ya warware da wanda ya bari

A ƙarshen watan Janairun 2023, Mataimakin Shugaban Ghana na lokacin, Dokta Mahamudu Bawumia, ya ƙaddamar da shirin tallafa wa 'yan haya da jarin sidi miliyan 30. Shirin yakan biya mai gida kuɗin da ya nema a dunƙule, ɗan haya kuma ya riƙa mayarwa wata-wata. Tsarin ya cancanci a dube shi daga Najeriya, domin ciwon da aka so a magance a Akara da Kumasi shi ne ke addabar mazauna Abuja da Kano da Kaduna.

Ciwon nan ya wuce tsada kaɗai. Ma'aikaci a wata yake karɓar albashi, ɗan kasuwa kullum yake samu, amma mai gida kuɗin shekara yake so a lokaci guda, wani ma na shekara biyu, ga la'adar dillali da kuɗin lauya. A ɗauki misalin gida na naira 300,000 a shekara. In an raba, naira 25,000 ce a wata, wadda mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 zai iya cijewa ya biya. A dunƙule kuwa ta haura albashinsa na wata huɗu, ba ci ba sha.

An sha gwada doka. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta hana karɓar fiye da kuɗin wata shida, amma sai a takarda. Jihar Legas ta yi tata a 2011, ta taƙaita abin da za a karɓa daga sabon ɗan haya zuwa shekara ɗaya. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kai ƙudurin biyan haya wata-wata a Abuja, bai zama doka ba. Inda mutum goma ke neman ɗaki ɗaya, wanda ya ce zai tsaya kan doka shi zai kwana a waje. Mai gida ma da nasa uzuri: naira na zubewa, siminti na hawa, fitar da wanda ya ƙi biya ta hanyar kotu kuma kan ci watanni. Dabarar Ghana ita ce ba ta ja da shi ba, ta ba shi kuɗinsa ta ɗauke masa fargaba.

Sai dai bashi ne, ba kyauta ba, kuma da kuɗin ruwa a kai, abin da zai sa Musulmi da yawa su ja baya. Ana kuma neman shaidar aiki da bayanan kuɗin shiga, tare da sharaɗin kada hayar ta wuce kashi 30 cikin ɗari na samun iyali. Wannan ma'auni ya dace da malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya. Ɗan dako ko mai sayar da koko a zangon Nima, wanda ke zaune a ɗaki ɗaya ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, da wuya ya tsallake ƙofar farko, alhali shi aka fi ambata a jawabai. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: idan kuɗi ya shigo kasuwar haya ba a ƙara ɗaki ko ɗaya ba, masu gidaje ne za su ƙara farashi.

Ga ma'aikatan gwamnati a Najeriya, rabin hanyar a share take. Tun 1992 doka ta tanadi cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa da ke hannun bankin FMBN, kuma da yawa sun yi ritaya a gidan haya ba su taɓa samun lamunin ba. Wanda ake iya cire wa kuɗi daga albashi, ana iya biya masa hayar shekara a karɓa a hankali, ta tsarin da babu ruwa a ciki, irin wanda bankuna kamar Jaiz da TAJ suka saba da shi. 'Yan kasuwa ba su da takardar albashi, amma suna da ƙungiyoyi a Kwari da Sabon Gari da Wuse, suna da adashi, shugabanninsu sun san mai cika alkawari. Ƙungiya za ta iya tsaya wa ɗanta fiye da yadda fom zai yi.

Wanda samunsa bai kai hayar ba ko an raba ta gida goma sha biyu, bashi ƙarin nauyi ne a gare shi. Irinsa ciko yake buƙata, kamar tsarin da Amurka ta faro a 1974, inda ɗan haya ke biyan kusan kashi 30 na samunsa, gwamnati ta cika sauran. Ko a can mutane kan yi shekaru a layi kafin ya iso kansu. A nan sai an fara da sanin su wane ne 'yan hayar da nawa suke biya, domin galibin hayar ƙananan ɗakuna da baki ake ƙulla ta, dillali ne kaɗai shaida.