Fensho Bashi Ne, Ba Sadaka Ba

Jama'a, kowane mako jiragen sama suna kwasar 'ya'yanmu zuwa Turai, likitoci da masu jiyya da malamai da leburori, masu mulki kuwa suna tafi saboda kuɗin da ake aikowa gida. Bankin Duniya ya lissafa cewa a shekara ta 2023 mutanen Nijeriya da ke waje sun aiko da kusan dala biliyan 20. Wannan lissafi kowane minista ya haddace shi. Amma ba mu taɓa jin ɗayansu ya tashi ya gaya wa mutanen nan abin da ke jiransu ran da ƙarfi ya ƙare suka ce za su komo gida su mutu cikin dangi ba. To, mu za mu faɗa.

A Ingila, duk wanda ke aiki ana yankar wani abu daga albashinsa, sunansa kuɗin inshorar ƙasa. Ba a tambayar launin fatarsa ko garin ubansa kafin a yanka. Bisa dokar da ta soma aiki a 2016, wanda ya biya shekara 35 ya cancanci cikakken fensho, wanda bai kai shekara 10 ba kuwa ba shi da kome. Kowane watan Afrilu ana ƙara fenshon. Akan duba abu uku, watau tsadar kaya, da hawan albashi, da kashi biyu da rabi cikin ɗari, wanda ya fi yawa shi za a bi. A 2023 an ƙara kashi 10.1 cikin ɗari, a 2024 kashi 8.5, a 2025 kashi 4.1. Har nan ba mu da ta cewa.

Ga inda gizo ke saƙar. In tsoho ya bar Ingila, ƙarin nan yana binsa ko ba ya binsa gwargwadon ƙasar da ya sauka. In ya tafi Faransa, ko Sifen, ko Jamus, ko Suwizalan, yana binsa. In ya tafi Amurka, ko Turkiyya, ko Isra'ila, ko Jamaika, ko Filifin, yana binsa. In kuwa ya komo Nijeriya, ko Gana, ko Indiya, ko Afirka ta Kudu, to, an daskarar da fenshonsa ke nan. Abin da aka ba shi a makon farko shi za a yi ta ba shi har a kai shi kushewa.

Mu yi lissafi irin na 'yan makaranta. Mutum biyu sun yi aiki a asibiti ɗaya a Landan, an yanki kuɗinsu daidai wa daida, suka huta a 2016 da cikakken fensho, fam 155.65 a mako. Ɗaya ya koma Manila, ɗaya ya komo Kano. Da Afrilu na 2025 ya zo, na Manila yana karɓar fam 230.25, na Kano yana nan a kan fam 155.65. Bambancin fam 74.60 ne kowane mako, watau fam 3,879 da 'yan kai a shekara. Laifin me na Kano ya yi? Ya so gida, shi ke nan. Abin dariya kuma, in ya ziyarci Ingila, muddin yana can za a biya shi cikakken kuɗi, ran da ya hau jirgi sai a mai da shi inda yake. Ashe sun san haƙƙinsa ne.

Wani zai ce ai fam a Kano dukiya ce, tun da naira ta lalace. Muna amsa masa da cewa sa'ad da ake yankar albashin mutumin nan ba a rage masa ko kwabo domin shi ɗan ƙasa mai arha ne ba. Filifin ma ba ƙasar tsada ba ce. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Har wa yau tsohon da ya komo gida ya sauke wa Ingila nauyin asibitinsa da na jiyyarsa, ya ɗora wa 'ya'yansa da jikokinsa. Sakamakon wannan alheri shi ne a rage masa abinci.

Kada a ce baƙar fata kaɗai ake yi wa. Mutum fiye da 400,000 abin ya shafa, mafi yawansu Turawa ne a Ostireliya da Kanada. Wata tsohuwa, Anne Puckridge, wadda ta yi wa Ingila aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ta koma Kanada wurin 'yarta a 2001, aka tsai da fenshonta a fam 72.50. A 2024 tsararta a Ingila suna karɓar fam 169.50. Da ta ƙetare iyaka ta zauna a Amurka da ba ta rasa kome ba. A Disamba na 2024 ta taso har Landan tana dab da cika shekara 100, Firayim Minista Keir Starmer bai gan ta ba, sai aka haɗa ta da ministar fensho. Kafin ita wata Annette Carson, mazauniyar Afirka ta Kudu, ta kai ƙara har Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, a 2010 kotu ta ba gwamnatin Ingila gaskiya. In haka aka yi wa nasu, ina ga namu wanda ba shi da mai tsaya masa?

Mu duba maƙwabtan Ingila, gama ba dukan Turawa ke wannan ba. Jamus tana gyara fensho ranar 1 ga Yuli, gyaran kuwa yana bin wanda ya biya kuɗinsa ko'ina yake. A da takan rage wa baƙi da suka koma ƙasashen da ba ta da yarjejeniya da su, ta biya su kashi 70 cikin ɗari, amma a 2013 ta soke wannan. Abin da take nema shi ne takardar shaida kowace shekara cewa mutum yana da rai. Holan ba ta daskarar da kuɗi, amma tana da nata wayon: tun dokar 2000, gwauro ko gwauruwa da ke zaune a ƙasar da ba yarjejeniya ana sauko da shi daga kashi 70 cikin ɗari na mafi ƙarancin albashi zuwa kashi 50, kamar mai aure. Ragi ne, ba mu yaba ba, amma aƙalla abin da ya rage yana tafiya da zamani.

Faransa kuwa sai mu tsaya a kanta, domin 'yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi da Tawa sun san ta ciki da waje. Yau fenshon ma'aikaci na Faransa yana bin mai shi da ƙarinsa har ƙauyensu. Amma ita ma ta taɓa daskarar da fensho. A ranar 26 ga Disamba 1959, tana ganin ƙasashen da ta mallaka suna shirin samun mulkin kai, sai ta yi doka ta tsai da fenshon tsofaffin sojojinta na Afirka wuri ɗaya. Mutanen da suka zub da jini a Italiya da Furobans da Indocin, Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya da shi fenshonsa yana hawa kowace shekara, nasu yana tsaye kamar turke. Waɗanda suka san abin da ya faru a barikin Caroyi kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944, inda aka harbe sojojin Afirka domin sun nemi kuɗinsu, ba su yi mamaki ba.

Shekara arba'in ana haka. Wani tsohon saje na Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, a Nuwamba 2001 babbar kotun mulki ta Faransa ta ce an nuna masa bambanci. Shi kuwa ya riga ya rasu tun kafin hukunci. A 2006 aka fito da wani fim a kan sojojin nan mai suna Indigènes, kunya ta kama Shugaba Jacques Chirac, aka daidaita fenshon yaƙi daga Janairu 2007. Sauran sai da Majalisar Tsarin Mulki ta yi hukunci a Mayu 2010, aka gyara daga 2011. Kafin nan mafi yawansu suna ƙasa. 'Yan kaɗan da suka rage a Faransa, tsofaffi masu shekara casa'in, an tilasta musu zaman wata shida kowace shekara a 'yan ɗakuna cikin sanyi, in ba haka ba a yanke musu kuɗin tallafin tsufa. Sai a Janairu 2023 aka ɗauke musu wannan sharaɗi. Ba mu kawo labarin domin yabon Faransa ba. Mun kawo shi domin a ga cewa ƙanƙarar nan tana narkewa in an sami masu hura mata wuta, da ƙara, da jarida, da kunyatarwa.

Ingila ma tana da nata tsohon bashin. Kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 sun yi yaƙin Bama, Hausa ce harshen bariki. Takardun da aka tono a 2019 sun nuna cewa kuɗin sallamar farabiti Bature sule 10 ne a kan kowane watan aiki, na baƙin soja na Afirka sule uku da sisi. Mai wannan hali a jiya, ba abin mamaki ba ne a same shi da na yau.

Amma fa babban laifin ba a Landan yake ba. Ingila ta ce tana ƙara wa mazauna ƙasashen da ta ƙulla yarjejeniya da su ne kawai. To, Barbados ta ƙulla, Morishos ta ƙulla, tsibirai waɗanda mutanensu duka ba su kai na birnin Kano ba. Mu da muke kiran kanmu giwar Afirka fa? Muna cikin Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila tun 1960. Ɗan ƙasar nan, Emeka Anyaoku, ya riƙe sakatarenta shekara goma, daga 1990 zuwa 2000. A 2003 shugabanninta suka taru a Abuja, har da Sarauniya, aka yi fareti aka ci aka sha. An tashi ba yarjejeniya, har yau kuwa babu. Gaskiya ne Kanada ta roƙa an hana ta. Amma Kanada ta roƙa.

Ba ma mamakin shirun masu mulki, gama gwano ba ya jin warin jikinsa. Ta yaya za su buɗe baki a kan tsofaffin waje, alhali na gida suna faɗuwa a layin tantancewa? Mutumin da aka ɗora a kan gyaran fensho, Abdulrasheed Maina, a Nuwamba 2021 kotu ta ɗaure shi shekara 8 a kan kuɗin 'yan fenshon da aka ba shi amana.

Jam'iyyarmu tana neman gwamnati ta sa maganar nan a kan tebur duk sa'ad da Ingila ta zo neman ciniki ko neman masu jiyyarmu, ta kuma haɗa kai da Gana da Kanada da Ostireliya a taron ƙungiyar na gaba. Muna neman ofishin jakadanmu a Landan ya ƙirga tsofaffin da abin ya shafa ya buga adadin. Kafin nan, duk mai ɗan'uwa a Ingila da ke shirin komowa, ya karanta masa lissafin na Kano da na Manila tun bai sayi tikiti ba. Ofisoshin jam'iyya a buɗe suke ga wanda aka riga aka daskarar da nasa, ya zo da takardunsa mu rubuta sunansa cikin takardar koken da za mu kai Majalisa.