Murar mai ciki ba "mura ce kawai" ba

Hunturu ya kama, ƙura ta lulluɓe Nguru da Gashua, kusan kowane gida akwai mai tari. Mu magidanta mun saba cewa "ai mura ce, a dafa mata citta da kanumfari." Ga mace mai juna biyu, ina ganin wannan sakaci ne da ya kamata mu daina.

Jaririn da ke ciki ba ya numfashi da kansa. Mabiyiya ce huhunsa, ita ce kuma akushinsa: ta nan iska da abinci ke fita daga jinin uwa su isa gare shi. Idan ƙwayar cutar numfashi ta kama uwa da ƙarfi, zazzaɓi ya hau, iskar da ke jininta ta ragu, to abin da ke isa ga jariri ma zai ragu. Kumburin da jiki ke yi wajen yaƙar cutar yana iya taɓa jijiyoyin mabiyiya. Daga nan ake samun haihuwar bakwaini, ko jariri maras nauyi, wani lokaci ma ya koma tun a ciki.

An ga haka a annobar murar aladu ta 2009, inda masu ciki suka fi sauran mata kwanciya asibiti. A lokacin korona ma likitoci sun bincika mabiyiyar wasu jariran da aka haifa babu rai, suka tarar cutar ta lalata ta, alhali wasu iyayen ba su ma yi jinya mai tsanani ba.

Wani zai ce kuɗin asibiti fa? Gaskiya ne, rayuwa ta yi tsada. Amma kuɗin Keke Napep zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ko babban asibitin Gashua, bai kai kuɗin jinyar bakwaini ba.

In mai ciki ta yi zazzaɓi, ko numfashi na yi mata wuya, ko ta ji motsin ɗan ya ragu, a kai ta a ranar, kada a jira gari ya waye. Zazzaɓin ma zai iya zama na cizon sauro, wanda shi ma mabiyiya yake kai wa hari, gwaji ne kaɗai zai bambance. Kada a saya mata magani a kemis babu izinin ma'aikacin lafiya. Mai tari ya nisance ta, a rage mata zama cikin hayaƙin murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo sau 8 kafin haihuwa. Mu bar su su je.

Ina ba da shawarar a taronmu na gaba mu ware wani abu daga asusu don kai masu ciki asibiti cikin dare. Iyayenmu mata, ku ake saurara a gida, ku taya mu.

Allah Ya sauki matanmu lafiya.

Sakataren ƙungiya