A haɗa majinyacin da aka sallama da masanin magani na unguwarsu

Ranar sallama daga asibiti ranar murna ce ga iyali, amma daga ranar ne kuskuren shan magani ke samun ƙofa. A gadon asibiti ma'aikatan jinya ne ke miƙa ƙwaya a kan lokaci. A gida kuwa leda biyu ce ke haɗuwa, sabuwar da likita ya rubuta da tsohuwar da aka bari a ɗaka. Sai mai hawan jini ya sha amlodipine sau biyu saboda kwalayen sun zo da sunan kamfani daban-daban, ko mai shan warfarin ya sayi diclofenac don ciwon gwiwa, ya jawo wa kansa zubar jini. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirinta na 2017 na rage illar magani da rabi, ta sanya sauyin wurin jinya cikin fannoni uku da suka fi gaggawa. A Ingila, tun Fabrairun 2021 asibiti kan tura bayanin magungunan wanda aka sallama zuwa kantin maganin da ya saba zuwa, masanin harhaɗa magunguna ya gwada sabo da tsoho, ya zauna da majinyacin ya yi masa bayani. Ya kamata asibitocinmu su ɗauki wannan tsari, ko da a takarda ne: me aka fara, me aka tsayar, me aka sauya, da dalili.

Za a ce a ƙasar Hausa galibin shagunan kemis ba masana ke riƙe da su ba, masu lasisin sayar da ƙananan magunguna ne, ƙwararrun kuma sun taru a birane. Haka ne, amma manyan asibitocin da ke sallamar masu ciwon zuciya, ƙoda da suga ai a biranen suke, a Kano, Zariya da Sakkwato, don haka daga nan za a fara. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne mai kanti ɗan kasuwa ne, ribarsa na cikin sayarwa, ba cikin cewa "daina shan wannan" ba. Don magance wannan, Ingila ta biya kuɗin bitar magungunan daban da cinikin magani, kuma hukumar inshorar lafiya ta Najeriya za ta iya yin haka ga kantunan da ke da rajista, da sharaɗin masanin ya mayar wa likita rahoton duk saɓanin da ya gano.