Gargaɗi Ga Malamai A Kan Ɗaure Hannun Almajiri

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da yab ba ɗan Adam hankali, yab ba shi hannu biyu su yi ma hankalin hidima. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayenshi da sahabbanshi. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwana malamai na Birnin Kebbi da Argungu da garuruwan bakin gulbi, da ku almajirai masu karanta wagga takarda, ku sani da laifin kaina zan fara. Wata rana nis sami wani almajirina, ɗan kamar shekara 10, bayan zaure, ya ƙera kwalekwale na kara, ya liƙe shi da ƙaro, ya aza shi bisa kududdufi shina ɗora mishi tsakuwa ɗaya ɗaya, shina ƙirga nawa za shi ɗauka kafin ruwa ya shige shi. Nit taka kwalekwalen, nid doki yaron, nic ce ya bar allo ya kama lagawu. A watan Shawwal 1442, wato Mayu 2021, jirgin ruwa yan nutse kusa da Wara cikin ƙasar Ngaski da mutane fiye da 100, kuma anka ce kayan da anka ɗora mishi sun fi ƙarfinshi. Ranar nit tuna da yaron. Tambayar da yaka yi ma kwalekwalenshi ita ce wadda manya ba su yi ma nasu ba. Ajali gaskiya ne, babu mai musunshi, amma Shari'a ba ta yafe ma kowa barin sababi ba.

To ga maganata: koya ma yaro ya dubi matsala, ya auna, ya zana, ya ƙera, ya gwada, ya gyara, aiki ne na addini, kuma mu malaman allo mun yi sakaci da shi.

Wasu daga cikinmu suna cewa wanga wasa ne, ɗan Ƙur'ani bai kamata ya ɓata hannunshi da shi ba. Ina tambayarsu, wane Ƙur'ani suka karantawa? Annabi Nuhu jirgi yas sassaƙa, mutanenshi suna yi mishi dariya. Annabi Dawuda sulke yaƙ ƙera, kuma cikin Suratu Saba an umurce shi da kyautata awon zobban. Zulƙarnaini, cikin Suratul Kahfi, da ƙarfe da narkakkar tagulla yat toshe tsakanin duwatsu biyu. Annabi Zakariya masassaƙi ne, kamar yadda yaz zo cikin Sahihu Muslim. Ranar Handaƙu, shekara ta 5 ga Hijira, dabarar Salmanul Farisi ce ta haƙa rami, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yak karɓe ta, yay yi haƙa da hannunshi. Yaranmu suna haddace waɗanga ayoyi da dare bakin wuta, da safe mu doke su don sun taɓa abin da ayoyin suka yabo. Wagga ba kunya ba ce?

Wasu suna cewa abin boko ne, Nasara sunka kawo shi. Ni ban zauna ajin boko ba ko yini guda, amma na ga kufan Surame. Muhammadu Kanta yag gina ta a farkon ƙarni na 16 na Miladiyya, da dutse da jar ƙasa, kuma har yau ana ganin ganuwarta. Wane Bature yaz zana mishi? Ku tafi Matan Fada ku dubi Bakabe da homarshi da gorarshi. Gora guda tana ɗaukar mutum bisa ruwa, kuma cikinta yaka zuba kifin da yak kama. Wani mai hankali ne yaz zauna yah haɗa buƙata biyu cikin abu guda. Tun 1934, da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu yaz ziyarci Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ake taruwa kallon wanga su, har UNESCO tas sa shi cikin gadon duniya a 2016. Baƙi suna zuwa daga nesa kallon dabarar kakanninmu, mu ko muna hana jikokinsu yin tasu.

Ku dubi ma zaurenmu. Da, almajiri shi ka fiƙe alƙalaminshi na gamba, shi ka dafa tawadarshi da ƙaro, ranar sauka a yi mishi zayyana bisa allo, da awo da daidaita kusurwa da haɗa launi. Yanzu da yawa sai saye, hannun yaro babu abin da yas saba riƙewa sai kwanon bara. Alhali an ruwaito Shehu Usmanu igiya yaka tufkawa, kuma ɗanshi Muhammadu Bello ya wallafa Tanbihus Sahib a kan hukuncin neman abin kai. Imamu Gazali cikin Ihya'u ya lissafa noma da saƙa da likitanci da hisabi cikin farillan kifaya, waɗanda in gari duka yab bar su, gari duka ya yi laifi. To fadamarmu cike take da injin ban ruwa, an buɗe babbar masussukar shinkafa a Argungu a 2017, ambaliyar 2020 ta cinye gonaki masu yawa. Cikin ɗiyan da munka yaye, nawa ne za su iya kwance inji su maida, ko su dubi gangaren ƙasa su ce ga inda za a yi ma ruwa hanya?

Wasu kuma suna tsoron hadda ta raunana. Ban ce a taɓa lokacin allo ba. Muna da Alhamis, wadda babu karatu, yara suna yawo kasuwa. Ga abin da nika yi, kuma nika kiran ku gare shi. Ka tara su, ka ba su matsala ta gaske daga cikin makarantarku: gara tana cin alluna, ruwan damina shina kwanciya ƙofar zaure, randa tana ɗaukar ƙura. Kada ka faɗi amsa. Kowane uku su yi shawara, su zana bisa ƙasa, su yi ƙarami da kara ko laka, a gwada gaban kowa. Wanda nashi yar rushe, a tambaye shi mi yar rushe shi, ya sake. Bulala ba ta da wuri a nan, domin yaron da yaka tsoron kuskure ba shi gwadawa. In kai ba ka iya ba, kamar yadda ni ban iya ba, ka kira maƙerin unguwa ko magini ko masunci, ka zauna tare da yara ka saurara. Girman malami ba shi raguwa don ya ce koya mini.

Yaron nan nin neme shi nir roƙe shi gafara gaban 'yan'uwanshi. Ku ma akwai wanda kunka taka ma kwalekwale. Waɗanga yara amana ce, kuma za a tambaye mu ga hannayensu kamar yadda za a tambaye mu ga harsunansu. Wanda yag ga kuskure cikin maganata ya kawo hujja, in karɓa. Allah ya shirye mu baki ɗaya. Wassalamu.