Kicin Ɗin Uwargida: Haɗa Bekin Fauda a Gida Don Wanda Ba Ya Cin Alkama

Wannan watan wasiƙar wata 'yar uwa ce ta ja hankalina. Likita ya gano ɗanta yana da cutar siliyak, wato hanjinsa ba ya jure gulutin, sinadarin nan mai danƙo da ke cikin alkama da sha'ir. Ta daina ba shi burodi da taliya, ta koma yi masa kek da garin shinkafa, amma tana tsoron bekin faudar kanti. Tsoron nata da hujja. Yawancin kamfanoni sitacin masara suke sawa, sai dai akwai masu sa na alkama, kuma wadda ake ƙullawa a leda a kasuwa ba rubutun da za ki karanta. Mai wannan cuta kuwa, ɗan kaɗan ma yana yi wa hanjinsa illa.

To uwargida, abu uku ne kawai. Ki auna bekin soda cokalin shayi 1, kirim-of-tata cokali 2, sitacin masara ko na rogo cokali 1. Ki tankaɗe su tare sau biyu, ki zuba a busasshiyar kwalba mai murfi. Kirim-of-tata wani farin gari ne mai tsami, ana samunsa wajen masu sayar da kayan kek. Idan shi da soda suka ji ruwa sai su fitar da iska, iskar ce ke sa ƙulli ya tashi. Shi sitaci aikinsa tsotse danshi, don kada su fara aiki tun suna cikin kwalba. Cokalin shayi 1 ya ishi kofin gari 1.

Ga inda mata da yawa ke yin asara. Ta kanti galibi sau biyu take aiki, in ta ji ruwa da kuma in ta ji zafi. Taki ta gida sau ɗaya ce. Saboda haka ki fara kunna obin, ko ki ɗora tukunyar yashinki ta yi zafi, ki shafa wa gwangwanaye mai, sannan ki kwaɓa. Kika kwaɓa kika tafi sallamar baƙi, kek ɗinki zai fito a dunƙule kamar ɗanwake. Kada ki haɗa da yawa, musamman da damina. In kina shakkarta, ki zuba rabin cokali a ruwan zafi, idan ba ta yi kumfa nan take ba ta mutu.

Ba zan ɓoye miki ba, asalin kirim-of-tata daga ɓawon da ke daskarewa a jikin gangunan giyar inabi ake tace shi, duk da cewa garin da ke zuwa hannunki ba barasa a cikinsa. In zuciyarki ba ta kwanta ba ki tambayi malami, ko ki bar shi. Kwatan cokalin soda da rabin cokalin ruwan lemon tsami suna maye gurbin cokali 1 na bekin fauda. Haka ma kwatan cokalin soda da rabin kofin kindirmo, sai dai ki rage ruwan kwaɓin. Kanwa dai ba na ba ki shawara, ƙarfinta ba ya aunuwa kuma tana canza launi da ɗanɗano.

Sannan ki kula da injin niƙa. Shinkafa, gero, dawa, masara da acca duk ba su da gulutin, amma in aka niƙa miki su bayan an niƙa wa wata alkama, wahalarki ta tashi a banza. Ki ware wa yaron rariyarsa da muciyarsa. Ke kuma da kike zargin cutar a jikin ɗanki, kada ki yanke masa alkama kafin ki kai shi asibiti, domin gwajin yana buƙatar a same shi yana cin ta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.